Rediyo a kan kabarin Fintan

Duk Lahadi in an tashi coci nakan ziyarci kabarin maigidana. Yau ga wani tsoho zaune a kabarin da ke kusa, kwat ta yi masa yawa, hularsa kore da fari, launin ƙungiyar ƙwallon ƙauyensu. Ya ɗora rediyo kan dutsen kabarin, ana ba da labarin wasan ƙungiyarsu. In suka ci yau, sai wasan ƙarshe a Dublin. Ina jin ƙaninsa ne kwance nan.

Can ya sunkuya yana dariya.

"Ka ji, Fintan? Jikanka ya tsallakar da ƙwallo saman sanda, ya ci mana maki, mun wuce. Kai shekara ashirin in ka buga ƙwallo sai dai ka harbi tsuntsaye."

Ya ƙara muryar rediyon, ya dube ni.

"Baiwar Allah, bari mijinki ma ya ji."