Robar Abincin Auta

Da sassafe Auta ta sha shayi a tsaye kamar kullum, babanta yana yi mata tsiya wai kujera ba ta cizo. Da hantsi ta kira shi daga ɗakin bincike, ta ce kwalbar ƙarshe ta fito tas. Da rana ta manta ba ta ci komai ba. Da la'asar mota ta kwashe ta a bakin ƙofar jami'a.

Aikinta ba baƙo ba ne a gidan, ta sha yi masa bayani har ya haddace. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai wani ɗan inji mai markaɗe furotin da ya tsufa ko ya lalace. Ita kuma sinadari take haɗawa da zai maƙale wa injin idan yana aiki, ya yi ƙyalli a na'ura, a gane ko maganin ciwon daji ya tsayar da shi. Shekaru ta yi tana fama. Sinadarin ba ya son haske, ba ya son zafi. Sai ta naɗe kwalaben, ta jera su a tsohuwar robar abincin mamanta mai ɗauke da sunan Auta a murfi, ta tura ƙuryar firizar ɗakin binciken. Ta ce a wurin nan komai ɗauka ake yi, ban da abincin mutum.

Farfesanta ya zo gaisuwar rasuwa, ya ɗosana a bakin kujera, ido na kan waya. Kwashe kayanta kuwa bai yi da kansa ba, bai sa ɗalibansa ba, ya bar wa mai kula da sito. Bawan Allah ya ga suna a murfi, ya sa robar a kwali tare da farar rigarta da tabarau da takalman aiki. Kwalin ya yi kwanaki a ɗakin masu gadi, jikin taga, kafin yayanta ya ɗauko.

Mamanta ta kasa buɗewa. Baban ne ya buɗe. Ya taɓa kwalaben, ya ji su da ɗumi. Ya saka su a firji, ya san an makara.

Sai ga Farfesa ya dawo, riƙe da kula cike da ƙanƙara. Ya ce mujalla na so a maimaita gwaji ɗaya kafin a buga aikin, an birkice firiza ba a ga kwalaben ba.

Baban ya daɗe yana kallon kular.

“Ranka ya daɗe, yau aka tuna da ƙanƙara?”

Ya miƙa masa robar. Bai raka shi ƙofa ba.

Amsa ta zo ta waya: babu ƙyalli ko kaɗan. Wani ɗalibi zai sake haɗawa daga farko, a buga da sunansa, ita kuma a yi mata godiya a ƙasan shafi. Baban ya ce a riƙe godiyar, a dawo masa da robar matarsa.

Rigar aka ba wata abokiyar aikinta. Takalman ba su shiga kowa ba, suna bayan ƙofa. Tabarau yana aljihun teburin baban. Robar kuwa mamanta ta wanke ta sau biyu, ta kife a saman kabad. Ba a sake zuba komai a ciki ba.