Lallen Mma

Duk ilimin da ɗan Adam ya tara game da haske, tun daga taurari har zuwa fitilar kwano, ya zo ya taru a cikin wani ɗan matsi mai kama da abin shanya, wanda ake maƙala wa marar lafiya a yatsa. Haske ya ratsa tsoka, ya leƙa jini, ya fito da lambar yawan iskar da ke cikinsa. Na koyar da wannan a aji, da alli, har da zane.

Mahaifiyata, Mma, ba ta halarci ajin ba. Ana jibi sunan jikarta a Kaladan ta zauna aka ƙunsa mata lalle, irin baƙin nan da ake haɗawa da rini don ya kama sosai, hannu da ƙafa, har kan farce. Tari take yi tun kafin nan. Ranar sunan numfashi ya fara gagararta, muka ɗauke ta zuwa wani ƙaramin asibiti.

Tukunyar iska ɗaya ce a ɗakin, masu buƙata biyu: ita da wani tsoho manomi daga Gbalahi. Ƙa'idar asibitin, wanda lambarsa ta fi ƙasa shi ake ba. An maƙala wa tsohon matsin, lamba ta fito. Aka maƙala wa Mma, na'urar ta yi ta ƙifta ja, ba ta ce komai ba.

"Hajiya, wannan kwalliya haka, amarya za ki zama?" in ji nas ɗin, tana canza yatsa.

"'Yata, in kin samo mijin, kawo shi," Mma ta ce, tana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

Aka gwada yatsun ƙafa. Nan ma baƙi ƙirin. Ƙanwata ta kawo lemun tsami tana gogawa, ta koma sabulu, ta koma kananzir. Ni kuwa na tsaya ina yi wa nas bayanin yadda baƙin abu ke shanye haske. Ta ce, "Malam, na sani. Lamba nake nema."

Aka ba tsohon iskar, kuma ba zan ce bai cancanta ba. Aka aika neman wata tukunya daga cikin gari. Ta iso bayan la'asar, Mma ta riga ta tafi.

Matan da suka yi mata wanka sun ce ba su taɓa ganin lallen da ya kama haka ba.