Jan Fenti a Rumfar Inna Hajo

Ranar wata Talata ce, mako biyu bayan Sallar Layya, a shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko. Na taso cin abincin rana, na ɗora kayena, wato littafin rubutu, a ka saboda zafin rana, sai na tarar da wata farar mota tsaye a bakin gudro, wato titin kwalta, daidai ƙofar jami'a. Maza uku ne suka fito daga cikinta, ɗaya da igiyar awo, ɗaya da takarda, na ukun riƙe da gwangwanin jan fenti. Suka bi rumfunan kasuwarmu ɗaya bayan ɗaya, babu sallama, babu sannu da aiki. Mahaifina, Malam Mutari tela, yana kan kekensa yana ɗinke wandon wani ɗalibi lokacin da mai fentin ya zana babban gicciye a jikin ƙyaurenmu. Mai takardar ya ce, "Kwana goma sha biyar," ya wuce gaba. Ban taɓa jin keken Baba ya tsaya a tsakiyar ɗinki ba sai ranar.

Kasuwar ba wata babba ba ce. Layi biyu ne na rumfunan tol, wato kwanon rufi, da zana, a hayin gulbi, suna kallon katangar jami'a. Amma a wurina nan ce duniya. Akwai masu shayi da burodi, masu ɗaukar hoton takardu, mai gyaran takalma, mai aski, da wani Bazabarme mai sayar da tsoffin littattafai a kan tabarma. Yawancinmu baƙi ne a Yamai, daga Damagaram kamar mu, ko Maraɗi, ko Tawa, kuma ɗaliban da suka baro garuruwan nan sukan zo su zauna a bencinmu don kawai su ji Hausar gida. Baba ya zo da kekensa ne tun daga Damagaram a saman kamiyo, babbar motar kaya, yana rungume da shi duk tsawon hanya kamar jariri. Yakan ce, "Keken nan ne ya aurar da ni, shi zai aurar da ku."

Gidanmu na haya yana unguwar Kirkissoye, kusa da fadamun shinkafa. Da sassafe nakan share tsakar gida, in ɗebo ruwa a famfo bokiti huɗu, in kai wa akuyar Inna mahaifiyata ɗanyen haki daga bakin fadama, sannan in wuce lakwal. Da yamma kuwa kasuwa nake zuwa. Ni ke hura wa Baba gawayin dutsen guga, in tsince ƙyallayen da suka zube, waɗanda nake ɗinka wa ƴar tsanata riguna da su. In na gama sai carafke da ƴar gala-gala a bayan rumfa, ni da ƙawata Rakiya, har a kira magariba.

Rakiya jikar Inna Hajo ce, wata tsohuwa ƴar Adar mai sayar da dambu da kopto, wato kwaɗon zogale irin na Zabarmawa. Rumfarta tana bayan tamu, a gindin dogon yaro, kuma tsakanin bayan rumfarmu da bangon tata akwai wani ɗan lungu da ba mai shiga sai yara da awaki. Inna Hajo tana da faɗa, amma hannunta a buɗe yake. Ɗalibin da ya zo da yunwa a fuskarsa ba ya tashi da ita. Ni kam ban taɓa wucewa ba ta danƙa mini wani abu ba. Da masu awo suka ja igiyarsu, layin gaba duka ya faɗa cikin filin da aka ce za a gina sabbin shaguna na zamani. Rumfar Inna Hajo ta tsira da taku uku kacal.

Washegari a filin lakwal, lokacin shan iska, Rakiya ta tara yara. Ba na jin ta yi nufin mugunta, farin ciki ne ya yi mata yawa. Ta ɗauki alli ta zana gicciye a bayan rigata ban sani ba, yara suka bi ni suna tafi suna cewa, "A rushe ta, a rushe ta!" Da na juya sai ta ce, tana dariya, "Ku an sa maku ja, mu ba a sa mana ba. Kakata ta ce in kun rasa wuri, ki zo ki riƙa wanke mana kwanoni." Ban yi kuka ba. Na koma aji na zauna, kunnuwana suna zafi, mushe, malaminmu, yana ta bayani a allo ban ji ko kalma ɗaya ba.

A ƙarshen layinmu akwai wani mutum mai suna Sama'ila, ɗan Maraɗi, mai rubuta allunan shaguna. Shan inna ya shanye masa ƙafafu tun yana yaro, don haka a keken guragu yake yawo, yana tuƙawa da hannu. Shi ya rubuta mana "Tela" da harafi mai lanƙwasa, shi kuma ya koya mini yadda ake riƙe buroshi. Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, mata suka shige inuwa, na ɗaga buhun da yake rufe gwangwanayensa, na ɗauki na ja. Na shiga lungun nan, na zana gicciye a bangon rumfar Inna Hajo, iya inda hannuna ya kai. Niyyata in jawo Rakiya in nuna mata, in ga yadda fuskarta za ta yi, shi ke nan. Amma da na mayar da gwangwanin na ga fenti ya ɗiga a bakin zanena, sai tsoro ya kama ni. Na naɗe bakin zanen ciki. Na goga bangon da ƙasa washegari, fentin ya riga ya bushe.

Kwanakin suka yi ta tafiya. Manya suka je ofis-ofis, aka ce masu su yi haƙuri, idan an gama gini su za a fara ba wuri. Wasu suka kwance tol ɗinsu, wasu suka ce sai dai a rushe da su. Ana gobe wa'adi zai cika, Inna Hajo ta leƙo ta ce wa Baba, "Malam, kawo keken nan ka ajiye a wurina, kada ka wahalar da kanka kai shi Kirkissoye. In ƙura ta lafa ka kafa shi a gindin bishiyar nan, mu ci gaba da neman abinci." Ina tsaye aka ɗauki keken aka shigar. Mai aski ya kawo madubinsa, mai littattafai ya kawo kwalayensa. Na tuna da gicciyen da na zana a bangon. Na gaya wa kaina cewa masu rusau suna da takarda, takardar za su bi.

Da hantsi katafila ta iso, da ƴan sanda cike da mota. Ban je lakwal ba. Ɗalibai suka hau katanga suna kallo, wasu suna ihu, wasu suna cin gyaɗa. Rumfarmu ba ta ɗauki lokacin da ake ɗauka a sha kofin shayi ba. Da ta kwanta, ƙura ta washe, sai ga bangon Inna Hajo a fili, da jan gicciye a jikinsa. Direban bai tambayi kowa ba, ya nufi rumfarta. Inna Hajo ta fito da ludayi a hannu tana cewa, "Ɗana, ba ni ciki! Ku duba takarda, ba ni ciki!" Wani ɗan sanda ya riƙe ta ta baya, ya ce, "Tsohuwa, mu alama muke bi." Mai takardar yana can ƙarshen layi yana waya. Na ji ƙarar tukwane, na ji madubi, sannan na ji wata ƙara mai nauyi ta baƙin ƙarfe, na san ko mene ne. Baba ya durƙusa a inda yake.

Bayan motocin sun tafi ne mutane suka ɗago tol ɗin suka duba. Nan take aka gane ba hannun hukuma ba ne: gicciyen ƙarami ne, jansa ya fi haske, kuma yana ƙasa-ƙasa. Wani ya ce, "Wannan ai mai zaune ne ya zana shi." Kowa ya juya ya kalli Sama'ila. Aka tuna cewa sun taɓa cacar baki da Inna Hajo kan ruwan wanke-wanke da ke kwarara ƙarƙashin kekensa. Aka buɗe gwangwaninsa, ga ja. Ya rantse da Allah, ya sake rantsewa, amma mutanen da aka rushe wa abinci da safe suna neman wanda za su iya duka, kuma katafila ta fi ƙarfinsu. Mai aski ne ya fara marinsa. Suka kifar da kekensa cikin kwata, suka zuba masa sauran fentin a ka. Yana jan jiki da hannu a cikin tarkace, yara suna binsa da jifa. Rakiya ta miƙo mini dutse. Na karɓa, kuma na jefa, don kada a ga ban jefa ba.

Baba bai taɓa shi ba, bai kuma hana ba. Ya tattara abin da ya rage na keken ɗinkinsa a buhu, muka taka har gida. Da la'asar ina tankaɗe wa Inna mahaifiyata gari, zanena ya warware, bakin ya sauko. Na ɗaga kai na ga idon Baba a kan ɗigon nan. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Balkisa, kawo zanen nan, ya yi miki tsawo." Ya sa almakashi ya yanke bakin, ya jefa ƙyallen a murhu, ya zauna ya kalmashe shi da allura da zare, da hannu, a hankali, kamar aikin wani babban mutum. Ya miƙo mini. Har ya bar duniya bai ƙara ce mini komai a kan wannan ba, bai kuma je ya wanke Sama'ila ba. Ya zaɓe ni, ni kuma na bar shi ya zaɓa.

Inna Hajo ta gwada talla da tire a bakin gudro, aka yi ta korarta. Kafin damina, sai ta koma ƙauyensu da Rakiya, karatun Rakiya ya tsaya a nan. Da za su hau mota, Inna Hajo ta shafa kaina ta ce Allah ya yi mini albarka. Baba ya koma yaron shago a wurin wani tela a unguwar Zongo, da furfurarsa, yana ƙetare gada kullum da ƙafa, yana sa maɓalli a rigunan da wani ya yanka. Filin kasuwar kuwa aka kewaye shi da tol, ya yi shekara biyu awaki suna kiwo a ciki kafin a sa tubali ɗaya. Da aka gama ginin, babu ko mutum ɗaya daga layinmu da ya samu wuri. Ni na ci gaba da karatu, har na shiga jami'ar nan, na yi shekaru ina wucewa ta wannan ƙofa.

Yanzu wurin ya zama bene mai ƙofofin gilashi, da kantin magani, da masu sayar da wayoyi, da wani gidan abinci mai sanyi da ɗalibi ba ya shiga sai ya duba aljihunsa sau biyu. Yana da tsabta, ba zan ce ba shi da kyau ba. Sai dai babu benci, babu inda baƙo zai zauna a tambaye shi labarin gida, kuma masu shagunan ba su san sunan juna ba. Ni malamar lakwal ce yau, da ƴaƴa uku. Shekarun baya na ji an ce an ga wani mai rubuta alluna a keken guragu a unguwar Boukoki. Na yi Asabar uku ina bin lunguna ina tambaya, har wani mai faci ya ce ya san shi, mutum ne marar magana, ba ya yarda yara su matso kusa da shi, kuma ya rasu tun azumin da ya wuce. Na tsaya a bakin titi da maganar da na shekara ashirin ina shiryawa, babu wanda zan faɗa wa. Wata gafarar ba hana ta ake yi ba, mai ita ne yake tafiya da abarsa.