Kanwar da Yero ya ɗura wa injin gyaɗa

A ƙarshe-ƙarshen mulkin Faransa, lokacin da noman gyaɗa ya ɗauke hankalin kowa daga Magariya har Dungas, an yi wani mutum a wata ruga kusa da Mallawa, ana ce masa Yero. Shanunsa ba su taka kara sun karya ba, gonar gerensa ma haka. Abin da yake da shi kawai suna ne. In saniya ta ci gyauron dawa cikinta ya kumbura, ta fara zubar da kumfa, ba a tsayawa tambayar wa za a kira. Yero zai zo da ƙwarya da kanwa, ya dafa cikin, ya kara kunne, ya ɗura mata abin da zai ɗura, kafin a jima ta miƙe. Albarkacin wannan hannu nasa ake shimfiɗa masa tabarma a gaba in ana ɗaurin aure, kuma abin yana yi masa daɗi ƙwarai, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Wata kaka sai ga kamyo, babbar motar kaya, daga Magariya ya sauke injin ɓarar gyaɗa a bakin kasuwar Mallawa. Da aka ce a nemo mai kula da shi, dattawa suka ce ai mai jinyar shanu ya fi kowa sanin lallashi. Bakaniken da ya rako injin, wani saurayi Babarbare mai suna Bunu, ya nuna wa Yero wani akwatin ƙarfe a gefe, cike da haƙora masu cizon juna, da ɗan baki a sama.

"Baffa, nan za ka riƙa zuba wannan man," in ji Bunu, ya miƙa masa bido, wato galan, na baƙin mai. "Shi kaɗai. Kada ruwa ya kusance shi."

Yero ya shinshina bidon, ya kau da kai. A ransa ya tausaya wa duk abin da ake ciyarwa da wannan ƙazanta.

Aiki ya kankama. Buhunan da mata kan kwana biyu suna ɓarewa da yatsa, injin ya lashe su kafin azahar. Yero ya raɗa wa akwatin suna tumbi, yana goge shi da tsumma, yana yi masa rumfar zana saboda rana. Sai dai murfin yana ɗiga, man yana raguwa, ga Bunu yana can yawon wasu kasuwannin. Ranar da bidon ya ƙare, Yero bai ga abin tashin hankali ba. Matarsa Sa'a ce ke matse man gyaɗa mafi tsabta a duk yankin, wanda ake zuwa nema tun daga Yekuwa. Injin da ke wahala a kan gyaɗa, me zai fi cancanta ya sha? Ya cika masa tumbi da kwalba guda, yana ganin ya yi masa gata.

Injin ya yi 'yan kwanaki lafiya lau. Daga baya akwatin ya fara zafi, muryarsa ta canza, sai ga farar kumfa tana tsattsafowa ta bakin nan na sama tana gangarowa.

Masu jiran layi suka ja da baya. Yero kuwa ko gezau, don wannan cutar ya san ta tun yana ƙarami. Ya dafa ƙarfen, ya kara kunne, ya gyaɗa kai. Ya daka jar kanwa, ya dama a ruwan rijiya, ya yi bisimilla ya ɗura. Mutane suka saki ajiyar zuciya, wani ma har ya ce Allah ya ƙara basira.

Kanwa da mai da ruwa, duk matar da ta taɓa haɗa sabulu ta san inda za su kai. Kumfar ta taso har ta rufe akwatin, haƙoran suna gurzar juna a bushe, sannan aka ji ƙas, komai ya tsaya.

Da Bunu ya iso ya buɗe murfin, ya dangwali abin da ke ciki ya murza a yatsa, ya juyo wajen Yero.

"Baffa, me ka ba shi?"

"Abin da nake ba kowa, ɗana. Yaushe zai tashi?"

"Ba zai tashi ba, Baffa."

Kamyo ya dawo ya kwashe injin, mata suka koma ɓara da yatsa suna tsaki. Ba wanda ya ɗaure Yero, ba wanda ya zage shi a fuska. Dariya kawai aka yi, kuma ita ce ta fi ciwo. A kasuwa in miya ta yi tsami sai a ce a kira Yero. Sannu a hankali maganar ta juya, aka fara cewa hannunsa ya mutu, wasu ma suka ce dama can sa'a ce kawai.

Da rani ya yi nisa, saniyar maƙwabcinsa Wakili ta faɗa wata fadama ta ci gyauro. Daga inda yake zaune Yero yana jin nishinta, ya kuma san sauran lokacinta kaɗan ne. Ya tashi ya daka kanwa, ya dama, ya sa hula, ya zauna a ƙofar gida da ƙwaryar a kan gwiwa. Mai magani ba ya kai kansa garken wani sai an kira shi.

Wakili ya fito a kan jaki yana sauri. Ya yi wa Yero sallama, Yero ya amsa, ya ɗan ɗaga ƙwaryar yadda za a gani. Wakili ya duƙar da kai, ya kaɗa jakin ya nufi hanyar Dogo-Dogo, inda aka ce akwai wani mai magani.

Bai dawo ba sai bayan la'asar. Kafin nan an riga an sa wa saniyar wuƙa. Sa'a ce ta karɓo rabonsu na naman, ta tarar da mijinta a inda ta bar shi, kanwar ta kwanta a ƙasan ƙwarya.