Yadda Muka Sauko da Kawu daga Bene

Mun tashi daga garinmu Gaya, na bakin iyaka, ana kiran assalatu, ni da abokin aikina, wanda shekara ashirin ke nan shi ke riƙe mini igiya in na shiga rijiya. Kayanmu buhu biyu ne: sabuwar igiya, da injin hannun da muke sauke mutum rijiya da shi, a kwance gunduwa-gunduwa. Hajiya, matar kawuna, ita ta aiko saƙo ta bakin wani direba daga Zongon Kwatano, ta ce in zo da kayan aikina kafin Litinin, in ba haka ba gidansu ya tafi.

Kawu tsohon mai motocin haya ne, shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a keken guragu. A saman bene yake, don ƙasa shaguna ne. An taɓa ɗauko shi za a kai shi asibiti, ƙafar ɗaya daga cikin masu ɗaukar ta zame, suka gangaro tare, ƙugunsa ya karye. Ya rantse ba mai sake ɗaga shi a kan matakalar nan. Da aka shekara biyu ba a gan shi a titi ba, wani ya kai wa kwamitin juyin juya hali na unguwa labarin cewa mai gidan ya gudu Legas. Takarda ta zo: ko ya je biro, wato ofishinsu, da kansa ran Litinin, ko a karɓe gidan. Hajiya ta roƙe su su hau su gan shi, suka ce biro ba ya hawa bene.

Mun haye gadar kan iyaka lafiya, sai kusa da Kandi aka tare motar hayar da muke ciki a shingen sojoji. Wani soja ya zazzage buhunmu, ƙarafa suka zube a titi. Nan take fasinjoji suka ja da baya, don a ƙasar can yanzu ƙarfen da ba a gane ba yana iya kai mutum inda ba a dawowa da wuri.

"Ranka ya daɗe, kayan rijiya ne," in ji abokina.

"Ba sarki a nan! Kamarad ake cewa!"

Sai da muka harhaɗa injin a bakin titi, muka ɗaga tayar mota da shi, kafin ya yarda ba ƙafar bindiga ba ce. Daga nan har Paraku, ko mai sayar da cukun wagashi kamarad abokina ke ce mata.

A Paraku muka kwana, muka ci sakwara mai sauƙin kuɗin da har na tambaya ko an yi kuskure. Da safe muka shiga jirgin ƙasa. Yana tafe yana tsayawa, mata na miƙo doya da abarba ta taga, duwatsun Save suka wuce, itatuwan kwakwar manja suka fara yawa. Ni dai lissafin kwanaki nake yi. Mun shiga Zongo ran Juma'a bayan la'asar, muna ratsa ruwan da ya kwanta a lunguna.

Matakalar a miƙe take, tsukakkiya, tudu goma sha tara, ga tsayi kamar tsani. Asabar da Lahadi muka kafa katako biyu a kanta daga sama har ƙasa, muka yi musu baki da ƙarfe yadda tayoyin keken ba za su goce ba, muka ɗaure injin a bango can sama. Muka gwada da buhun shinkafa a kan keken. A tsakiyar hanya taya ɗaya ta yi tsalle, buhun ya faɗi ya fashe. Mun gyara wurin, mun sake gwadawa har sau biyar ba matsala, amma Kawu ya riga ya ji ƙarar daga ɗakinsa.

Ran Litinin da hantsi ya ce, "Ɗan nan, su ɗauki gidan. Ni ba guga ba ne."

Hajiya ta juya baya tana share ido. Na yi ta lallashi a banza. Sai abokina ya tsuguna a gabansa.

"Alhaji, a aikinmu wanda ke rataye shi ke da umarni. In ba ka ce saki ba, ba mai saki. In ka ce tsaya, ko yini za mu yi, muna tsaye."

Sai Kawu ya ce a kawo masa hularsa.

Abokina ya kama injin, ni na shiga gaban keken ina sauka da baya, Kawu na ba da umarni. "Saki." Ƙarfe ya yi ƙara, keken ya sunkuya. "Saki." A tudu na tara, daidai inda aka faɗi da shi a da, Kawu ya daka tsawa: "Tsaya!"

Muka tsaya. Idonsa a rufe, gumi na ɗiga daga gemunsa. Igiya ta miƙe tana kuka, katakon ƙarƙashin ƙafata yana ɗan motsi. A ƙasa jama'a sun cika ƙofa, har da wani ɗan kwamiti yana duba agogo, don sha biyu ake rufe biro. Bakina ya cika da "Kawu, lokaci," amma na hango abokina can sama, jijiyoyin wuyansa a tashe, yana girgiza mini kai. Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba. Can Kawu ya buɗe ido, ya dubi hasken titi ta bayan kafaɗata, ya ce a hankali, "Saki."

Mun isa biro saura kaɗan a rufe. Ma'aikacin ya dubi takarda, ya dube shi.

"Kamarad, ina ka shiga shekara biyu?"

"Sama," in ji Kawu.

Mutumin bai yi dariya ba, amma ya buga hatimi.

Injin can muka baro shi, bayan mun koya wa Hajiya murɗawa. Ranar da za mu taho, ita ta sauko da shi ya raka mu bakin titi.

Shekaranjiya muka iso Gaya. Duk shekarun nan ina zaton ƙarfin igiya ne aikina. A Zongo na gane cewa mutumin da ake ɗauka, abin da ya fi ci masa rai shi ne ba a tambayarsa. Ina da tsohuwa a gida, mahaifiyata, wadda kullum da safe muke ɗauko ta mu ajiye a tsakar gida ta sha rana. Jiya na durƙusa na ce, "Inna, a fito da ke?"

Ta dube ni da mamaki. "A'a," ta ce. "Tun bara ba na son fitar safen nan, sanyi nake ji. Ka dawo bayan azahar."