Inna Mai Guduma za ta ajiye jaka

Gari na wayewa Inna Mai Guduma take saɓa jaka. Babu allura a ciki, guduma ce da ƙusoshi da igiya. Aikinta a ƙaramin asibitin unguwa shi ne raba gidan sauro, amma tun tana sabuwa ta gane rabawa kaɗai aikin banza ne. Wani ya adana nasa a leda sai baƙo ya zo, wani ya kewaye tumatir da shi. Shi ya sa take bin gidaje, ta yi sallama, ta wuce har ƙuryar ɗaki, ta taka kujera ta ɗaura da hannunta. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Maƙwabta ba sa manta ranar da ta je gidan yayanta. Matar ɗansa na da tsohon ciki, na farin kuwa zazzaɓin cizon sauro ne ya zubar da shi. Inna ta leƙa ɗakin yarinyar, ƙusoshi kawai ta gani a bango. Ta zaga bayan gida, sai ga gidan sauron an yi wa 'yan tsaki rumfa da shi.

"Yaya, me nake gani haka?"

"Shirwa ce ta addabe ni. Ita yarinyar ai tana da mayafi, ta lulluɓa mana."

Inna ce ta riƙe hannun yarinyar a wancan karon da cikin ya zube. Amma ba a ɗaga wa yaya murya. Ta naɗo katifar mai cikin ta shimfiɗa ƙarƙashin rumfar, ta kwashi tsakin da uwarsu ta juye masa a gado.

"Ke, lafiyarki kuwa?"

"Lafiya lau, Yaya. Inda gidan sauro yake, nan mai ciki za ta kwana. Waɗannan baƙinka ne, ga mayafi ka lulluɓa musu."

Kaza ta yi abin da ta saba a kan matashinsa. Tsoho da kansa ya kwance rumfar, ya wanke, ya riƙe wa ƙanwarsa kujera yana ƙunƙuni.

Inna, ke ce mai shiga ɗakin da ba a gayyace ki ba, a yi miki tsaki ki ce a miƙo igiya. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu kuma da muka iya dariya, kowa ya leƙa ɗakin 'yar'uwarsa yau.

Cikin nan ya zo duniya lafiya, mace ce. Kakanta ne ke ɗaura mata gidan sauro yanzu, kuma ba ya yarda kowa ya taya shi.