Shuɗin da Ya Ɓace wa Kawu Launi

Ofishin da nake shara da dafa shayi, sana'arsu ita ce yi wa kayan mutane fuska. Mai sabulu ya zo, mai ruwan roba ya zo, mai makaranta ya zo, su zauna da shi su ji abin da yake sayarwa da irin wanda yake so ya saya. Sannan su zana masa tambari, su zaɓa masa launi da 'yan kalmomin da za a rubuta a jikin kwali. Da na fara aikin bayan rasuwar maigidana, na ɗauka wasa suke yi da kwamfuta ana biyansu. Sai da na daɗe ina goge teburansu na gane gumin da ke ciki.

Duk ofishin babu wanda ya manyanta kamar Kawu Launi. Matasan wurin ne suka sa masa wannan suna, kamar yadda suka mai da ni Gwaggo. Mai rubuta musu kalmomin talla, wanda suke kira Aku saboda bakinsa ba ya hutawa, yakan ce tunda an samu kawu da gwaggo, saura kaka ofis ya zama gida.

Kawu Launi ba ya zane. Aikinsa kallo ne. Idan an gama zane a kwamfuta, akan aika gidan buga takardu su buga guda ɗaya su kawo, shi ne samfuri. Kawu zai ɗauka ya kai gaban taga, ya ɗora shi kusa da launin da mai kaya ya amince da shi, ya duba. In sun yi daidai ya sa hannu a baya, sannan inji ya tashi ya buga dubbai. In bai sa hannu ba, ko Darakta, mai ofishin, ba ya cewa a buga.

Tagar tana ƙarshen baranda, ta ba rana baya. Ya hana a sa mata labule, ya sa an shafa wa bangon wurin fenti ruwan toka. Shi kansa ban taɓa ganinsa a ofis da riga mai launi ba, wai jar riga takan shafa wa farar takarda jini. Ba ya duba aiki a hasken fitila, ba ya dubawa bayan la'asar, ko mai kaya zai yi birgima a ƙasa. Ya ce kwamfuta maƙaryaciya ce, tana haska abu ta bayansa, ita kuwa takarda aron haske take yi, sai abin da aka ba ta. Ni ce mai goge gilashin tagar kullum da safe, da ruwa zalla da tsumma mai tsabta.

Tun yana saurayi yake gauraya fenti a shagon masu rubuta alluna, daga nan ya shiga gidan buga takardu, har Darakta ya ɗauko shi. Karatunsa bai fi nawa nisa ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Matarsa ta taɓa gaya mini ta daina zuwa sayen yadi da shi, don sai ya fitar da kowane ƙyalle bakin ƙofa ya duba har mai shago ya gaji ya ce su tafi da alheri. Katin bikin babbar 'yarsa ma sai da ya mayar aka sake bugawa, wai jan ya yi kama da na tumatirin da ya kwana.

Suna da wata al'ada a ofishin da suke kira zaman bango. Farkon kowane mako, duk wanda ke da aiki a hannu sai ya manna shi a wani dogon bango ba tare da suna ba, kowa ya tsaya ya faɗi gaskiyar abin da ya gani. Ƙa'idar ita ce aiki ake yi wa shari'a, ba mai shi ba. Ba a yarda ka ce abu ya yi kyau ka yi shiru ba, sai ka faɗi dalili. Mai aikin kuwa ba ya buɗe baki sai an gama. Na sha ganin an yi wa zanen Darakta kaca-kaca yana tsaye yana kurɓar shayi, kunnuwansa kaɗai ke nuna nasa ne. Ina shiga da faranti in fita, ba wanda ke lura da ni, shi ya sa na ga abubuwa da yawa.

Abin Kawu a hankali ya fara. Da can kallo ɗaya yake yi wa samfuri ya ce an cika baƙi ko an rage rawaya. Sai na ga ya fara daɗewa a gaban taga, yana juya takarda, yana matsowa yana ja da baya. Wata safiya ya tambaye ni ko na goge gilashin. Na ce na goge. Ya ce in ƙara, na ƙara. Ya fara ƙorafin cewa tawadar yanzu ba ta da rai kamar ta da. Wata rana ya cire takalmi zai yi alwala, na ga safarsa ɗaya baƙa ce, ɗaya shuɗiya mai duhu. Ga wani ba komai ba ne wannan. Ga Kawu Launi kuwa, sai da gabana ya faɗi.

Na sami lokacin da babu kowa na ce, “Malam, ko za ka je a duba maka ido? Maigidana ma da ciwon suga ya kama shi, ta ido ya fara nunawa.”

Ya yi murmushi ya ce, “Tabarau ne ya tsufa, Gwaggon yara. Ki dai sa mu a addu'a.”

Na sa shi kuwa.

Ana cikin haka aka kawo aikin wani kamfanin ruwan roba. Wata yarinya mai zane da suke kira Doguwa ta yi watanni a kansa. Mai ruwan ya ce shuɗi yake so wanda mutum zai gani ya ji ƙishirwa, aka yi ta gwaji har aka samu. Samfuri ya zo, Kawu ya kai taga, ya daɗe, ya sa hannu. Da aka buga aka liƙa a jikin robobi, sai shuɗin ya fito da kore-kore, kamar ruwan da ya daɗe a kududdufi. Mai ruwan ya aiko da kwali guda ofis, ya ce mu sha mu gani in za mu iya.

Darakta ya ɗauki waya ya wanke masu gidan buga takardu tas. Suka ce abin da mutuminku ya sa wa hannu shi muka buga. Ofis kaf aka rantse musanya samfuri suka yi, ko kuma mai kula da injinsu ne ya yi barci. Aku ya ce ya fi sauƙi a ce rana ta fito daga yamma da a ce Kawu ya yi kuskuren shuɗi. Muka ji labarin an dakatar da mai injin daga aiki, mutum mai iyali. Duk wannan ana yi Kawu na zaune a kujerarsa, shayin da na ajiye masa har ya yi sanyi. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Ranar zaman bango, kowa ya manna aikinsa. A can gefe sai ga takardu biyu, kowace shafe da shuɗi, babu zane babu rubutu. Ba a san wanda ya manna ba. Da aka iso kansu, Aku ya ce ashe yau har da gwajin 'yan firamare. Doguwa ta ce na dama shi ne shuɗinta, na hagu kuma shi ne masifar da aka buga, ko daga bakin ƙofa ana ganin bambanci. Kowa ya ce haka ne. Ni ma da ke riƙe da faranti na gani. Aka yi 'yar dariya, ana shirin wucewa gaba.

Kawu ya ce, “An gama? To, nawa ne.”

Ya matsa gaban bangon har hancinsa ya kusa taɓa takardar, ya dubi wannan, ya dubi waccan.

Ya ce, “Tun jiya nake kallonsu. Ni dai abu ɗaya nake gani.”

Ba wanda ya motsa. Doguwa ta sunkuyar da kai tana murza yatsunta. Kawu ya juya ya ce wa Darakta ba a musanya komai ba, samfurin da aka kawo masa ke nan, shi ya sa hannu, don haka a kira mutanen nan a gaya musu su mayar da mai injinsu. Ya ce ya so ya tabbatar ne a inda ba za a ji kunyarsa a yi masa ƙarya ba, shi ya sa bai tambayi kowa a ɓoye ba. Daga nan ya cire takardunsa biyu, ya naɗe, ya koma kujerarsa.

Darakta da kansa ya kai shi asibiti. Likita ya ce suga ne ya daɗe yana cin bayan idon, za a iya rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi. Launi ne ya fara dushewa, sauran gani ma zai biyo baya in ba a kula ba.

Darakta mutumin kirki ne. Ya ce Kawu ya zauna, kujerarsa tana nan, albashinsa na nan, a ci gaba da ce wa masu kaya Kawu Launi ne ke duba aikinsu, wani ya riƙa dubawa a madadinsa. Ina goge teburin da ke kusa lokacin da suke maganar. Kawu ya gode masa ƙwarai, sannan ya ce shekara da shekaru suna hana masu kaya rubuta a kwali abin da ba ya ciki, ba zai zama shi ne kwalin farko da ofishin ya yi wa haka ba. Abin da ya roƙa kawai, a ba shi ɗan lokaci ya koya wa Doguwa tsayuwar taga.

Kafin nan sai da ya hau mota ya je gidan buga takardu, ya nemi mai injin a gaban abokan aikinsa ya ba shi haƙuri. An ce mutumin ya rasa inda zai sa kansa, don Kawu ne ya koya wa wanda ya koya masa aiki.

Makonnin ƙarshe, kullum da safe suna gaban taga shi da Doguwa. Ba ya kallon takarda, fuskarta yake kallo. Yana ce mata kada ta zura wa launi ido ya daɗe, ido kan gaji ya fara yi wa mutum alfarma. Ta kalli bango, ta huta, ta dawo. Abin da ta gani a kallon farko, shi za ta fi yarda da shi. Ranar da zai tafi aka kawo sabon samfurin mai ruwa. Doguwa ta ɗaga shi a haske, bakinta ya riga ta: “Kawu, zo ka ga...” Sai ta tuna.

Ya zo ya tsaya kusa da ita. Ya ce, “Me kika gani, 'yata?”

Ta ce ya yi daidai.

Ya ce, “To sa hannu.”

Ta sa. Bai yarda a yi masa taro ba. Ya bi teburi-teburi ya nemi gafarar kowa, har da ni, ya sauka matakala yana dafa bango. Aku ya shige banɗaki ya daɗe bai fito ba.

Nakan leƙa gidansu lokaci-lokaci in gaida su. Yana nan da ransa, yana shan magani, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Ba ya tambayar labarin ofis, ni ma ba na kawowa. Zuwana na baya-bayan nan na tarar da shi zaune a falo, jikarsa na kwance a ƙasa tana zanen gida da bishiya a takarda, fensiran launinta na cikin kwali a kan cinyarsa. Ta miƙo hannu ba ta ko ɗago kai ba, ta ce Kaka ya ba ta shuɗi za ta yi sama. Ya dubi cikin kwalin, yatsansa na bin kan fensiran ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta tashi ta shiga kicin. Can sai ya miƙa wa yarinyar kwalin gaba ɗaya, ya ce ta zaɓa da kanta, ai ta girma.